Lali na Katako

Ciwon baya ya kama Famau ne washegarin ranar da ya rantse ba zai sake neman Lali ba, kuma duk garinmu na Matondoni, a tsibirin Lamu, babu wanda bai ga alaƙar abu biyun nan ba sai shi Famau ɗin.

Tun suna samari suke fita kamun kifi tare a mashua ɗaya, ɗan jirgin katako mai tanga guda, wato ƙyallen nan da iska ke turawa. Famau ne mai jirgi, shi ne nahodha, wato shugaban jirgin. Shi ke zama a baya riƙe da sandar tuƙi yana ba da umarni. Lali, ƙanin matarsa, wato shemeji a bakin mutanenmu, yana gaba: shi ke jefa anga, shi ke jawo ta, shi ne kuma ke sauraron umarnin tsaf sannan ya yi abin da ya ga dama. A haka gemunsu ya yi fari. Sai wata safiya can wajen duwatsun tsibirin Manda, Lali ya ja anga ta kuɓuce masa, ya sake ja ta sake kuɓucewa, igiya ta zarce cikin ruwa. Famau, da yake Allah bai ba shi baiwar yin shiru ba, ya ce, "Shemeji, jan angar kake yi ko lallashinta?"

Lali ya juyo, idonsa jawur. "Kai ne kullum kake sa a jefa ta inda ko aljani ba zai ciro ta ba! Shekara da shekaru kana zaune can baya, bakinka kawai ke aiki. Taso ka ja abarka."

Tare suka ɗago ta ranar. Da suka iso gaɓa Lali ya ɗauki hularsa da kwandonsa ya yi gaba. Famau ya bi shi da rantsuwa, da ƙarfi yadda masu gyaran taru za su ji, cewa shi da neman Lali sai dai a lahira. Washegari ya fita shi kaɗai, ya sunkuya ya kama igiya, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Wasu masunta ne suka jawo jirgin, aka ɗora shi a kan jaki rub da ciki, kai a gefe ɗaya ƙafafu a ɗayan, aka ratsa da shi tsakiyar gari har ƙofar gidansa.

Somoe, matarsa, uwar 'yarsu Esha da ke gidan aure, ta gasa masa bayan da ruwan zafi, ta shafa masa man kwakwa da kanumfari, ta bari sai da ya fara iya zama kafin ta buɗe baki. Ta ce wani mai otal a garin Shela ya aiko yana son jirgin. Zai yi masa fenti, ya jera matasan kai a ciki, ya riƙa fita da Turawa kallon faɗuwar rana.

"Matasan kai?" in ji Famau. "A jirgin da ubana ya sassaƙa da hannunsa? Rana kuma da ke faɗuwa kyauta kullum, ita za a je kallo?"

"To ka je ka ba Lali haƙuri."

"Ni? Ai gara a binne ni."

"Ba wanda zai binne ka, Baba Esha, jinya ce dai za a bar ni da ita. Ga magana ɗaya. In ka warke, ka fita kai kaɗai, ka jefa anga, ka ɗago ta, ka dawo min da ƙafarka. In ka yi haka na yi shiru. In jaki ya sake kawo min kai, jirgi ya tafi Shela."

Famau ya san matarsa. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Tsoro ya kama shi na gaske, domin bai san abin da mutum ke yi da safiya ba in ba shi da jirgi. Ya ga tsofaffin da suka sayar da nasu, suna zaune a dakalin masallaci suna gyara wa masu wucewa tafiya, kuma ya san da halinsa shi ne zai zama shugabansu.

Da ya fara takawa da sanda, wurin Fundi Shebwana ya nufa, masassaƙin jirage, wanda ke aiki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin ruwa. Ya zana masa abin da yake so a kan yashi da tsinin sanda. Abu uku ne. A goshin jirgi a sa ɗan gungume mai juyawa wanda igiya za ta riƙa bi ta kai. Kusa da turken tanga a kafa wani babban gungume a kwance, mai hannu a gefe, in an juya hannun igiya ta naɗu, da ɗan harshen ƙarfe mai faɗawa cikin haƙora don kada ta koma baya. Sannan akwati a gaba, inda anga za ta riƙa kwanciya kamar 'yar mutunci, maimakon ta yi ta yawo a ƙasan jirgi tana cizon ƙafafun mutane.

Fundi ya daɗe yana kallon yashin. "Wannan duk don kada ka ce wa mutum ɗaya yi haƙuri?"

"Aiki na kawo maka, Fundi, ba shari'a ba."

Aka fara aiki, kuma kamar yadda muka saba a Matondoni, duk wanda ba shi da abin yi ya zo ya taya da baki. Wannan ya ce gungumen ya yi kauri, wancan ya ce ai siriri ne, wani da ko jirgin kwali bai taɓa mallaka ba ya ce haka ya gani a Mombasa amma na can ya fi. Mai gahawa ya dawo da tukunyarsa gindin mangwaron gaba ɗaya. An samo ƙarfen tsakiya daga wata tsohuwar amalanke, haƙoran kuma aka yanko su daga murfin tanki. Ranar da aka fara gwada shi a kan tudu, aka ɗaura wa igiyar dutse, Famau ya juya hannun da yatsa uku, dutsen ya biyo yana jan ciki, harshen ƙarfe yana ta ƙas-ƙas-ƙas.

"Kun gani?" in ji Famau. "Ga Lalin da nake nema tun ina yaro. Ba ya gardama, ba ya cin rabon kifi, ba ya zuwa gidana cin shinkafar kwakwa ranar Juma'a."

Sunan ya zauna nan take: Lali na katako. Shi kuwa Lali na jini, kullum sai ya bi ta wurin, ko da yake hanyar gidansa ba ta nan take ba. Yakan wuce kai a miƙe, yana duban teku kamar wanda ke jiran jirgin Makka.

Wata la'asar Somoe ta kawo wa masu aiki mahamri, wato fanken kwakwa, a faranti. Ta tsaya ta dubi na'urar, ta kama hannun da ake juyawa, wanda Fundi ya fere siriri mai kyau.

"Wannan hannun a canza shi," in ji ta. "A yi shi da kauri, kamar taɓarya."

"Don me, Mama Esha?"

"Don bayanka."

Ta ɗauki farantinta ta tafi. Famau ya yi ta juya maganar a ransa, ya kasa gano abin da ya haɗa kaurin hannu da ciwon baya. Amma mahamrin yana da daɗi, kuma mai shirin cin gardama babba ba ya tsayawa kan ƙarama. Aka yi hannu mai kauri.

Akwatin ne ya ɓata lamarin, don ya yi kyau fiye da kima. Fundi ya sassaƙa murfinsa da furanni irin na ƙofofin Lamu, mutane suka yi ta santi. Da aka ɗauko tsohuwar anga za a kwantar da ita, sai ta ƙi shiga. Angar masuntanmu dai rodi huɗu ne a jikin bututu, kowace ƙugiya tana kallon inda ta ga dama, saboda an sha miƙar da su an sha lanƙwasa su. Haka ake son ta. In ta maƙale a duwatsun ƙasan teku aka ja da ƙarfi, rodin ya miƙe ya saki dutsen, in ta hau jirgi a sa bututu a mayar da shi. Lali ne ke wannan aikin duk shekarun nan, Famau kuma yana yi masa tsawa cewa ƙarar na korar kifi.

"A faɗaɗa akwatin," in ji Fundi.

"A taɓa murfin nan? Haba. Anga za a sake. A yi mai kauri, gajera, wadda ba ta lanƙwasa. Da wannan bayan nawa zan riƙa kokawa da rodi?"

"Nahodha, ka fi ni sanin Manda. In ta kama dutse ta ƙi miƙewa fa?"

"Da ƙarfin Lali ake ja shi ya sa ake lallaɓa dutse. Wannan ƙarfin mutum huɗu gare shi. Dutsen ne zai ba da hanya."

Fundi ya ɗaga kafaɗa. Aka kai wa maƙeri, ya ƙero anga mai nauyi baƙa wuluk, ta shiga akwatin daidai wa daida kamar tare aka haife su. Tsohuwar aka wurga ta kan tarin ƙarafa, kafin magariba kuma ta ɓace, ba wanda ya damu ya tambaya.

Ranar gwaji rabin gari ya fito bakin ruwa. Famau ya jera komai a akwati, ƙugiyoyi da wuƙa da guduma, don ya ce daga yau jirginsa ya daina zama kamar ɗakin gwauro. Ya ɗaga tanga, iska ta cika ta, ya fita yana ɗaga wa mutane hannu. Somoe na tsaye can baya da mayafinta, ba ta ɗaga nata ba.

Ya isa duwatsun Manda ruwa ya janye, daidai wurin da suka yi faɗa, don yana so labari ya kai kunnen wani. Ya sauke tanga, ya buɗe akwati ya tura anga ta kan ɗan gungumen gaba, ya rufe murfin. Ta kama nan da nan. Kifi kuwa ranar kamar an aiko su. Ya yi ta jawowa yana hira da na'urar. "Ka ga yadda ake zama lafiya, shemeji? Kai shiru, ni magana."

Da rana ta ɗaga ruwa ya fara cikowa, sai ya naɗe zaren fatsarsa ya kama hannun. Ƙas-ƙas-ƙas, igiya na naɗuwa, jirgi na matsawa a hankali, bayansa ko gezau. Har ya fara tsara abin da zai faɗa a gindin mangwaro. Sai igiyar ta miƙe tsaye, hannun ya yi nauyi. Ya danna, ƙas. Ya sa ƙirji ya danna, ƙas. Fundi bai yi ha'inci ba, na'urar tana da ƙarfin mutum huɗu, kuma tunda dutsen ya ƙi tasowa, sai goshin jirgin ya fara sauka wurinsa.

Famau ya tsaya. Ya ce bari ya sassauta. Ya kama harshen ƙarfen zai ɗaga, ashe nauyin jirgi duka yana kansa, ya cije cikin haƙorin kamar an narka su tare. Ya nemi guduma, tana cikin akwati. Ya nemi wuƙa, tana cikin akwati. Akwatin kuma igiyar ta bi ta kan murfinsa, a ɗaure tamau, ta danne furannin Fundi yadda ko farce ba zai shiga ba. Ya cire takalminsa ya bugi harshen da shi, takalmin ya yi tsalle ya faɗa teku.

Ruwa kuwa bai fasa cikowa ba. Teku na ɗaga jirgin, anga na riƙe da hancinsa. Famau ya ja jiki ya koma can ƙarshen baya ya zauna don ya danne, kifayen da ya kama suka zame gaba ɗaya suka taru a gaba. Igiyar ruwa ta fara leƙowa ta goshi tana zubowa ciki kaɗan-kaɗan. Nan dariya ta ƙare masa. Ba mutuwa yake tsoro ba, don ya iya iyo tun kafin ya iya sallah. Jirgin ubansa ne zai nutse a gabansa, kuma da hannunsa ya ɗaure shi.

Sai ya ji tari a bayansa. Wani ɗan kwalekwale ne ya fito daga bakin kurmi, mai shi yana tuƙi a hankali yana duban wani wuri daban.

"Salamu alaikum," in ji Lali. "Jirgin naka sujada yake yi?"

"Me ya kawo ka nan?"

"Kifi. Teku ta ubanka ce? Ina ɗan'uwan nawa na katako, ba ya taimaka maka?"

"Kana da wuƙa?"

"Ina da ita. Amma igiyar da ta ɗaure haka, in ka sa mata wuƙa sai ta tsinke maka fuska. Ga shi kuma ka koma baya ka zauna kana ƙara mata ƙarfi. Shekara nawa kana nahodha?"

Ya ɗaura kwalekwalensa ya hau da ƙyar. "Taso gaba."

"Gaba? Mahaukaci ne kai? Nutsewa yake yi!"

"Sau ɗaya a rayuwarka, shemeji, ka zo gaban jirgin nan ka ga yadda yake."

Suka rarrafa gaba su biyu, suka tsaya a kan goshi suna riƙe da juna. Jirgin ya ƙara dulmiya, ruwa ya kwararo har idon sawu, Famau yana salati da ƙarfi. Amma igiyar ta yi sako-sako na ɗan lokaci, Lali ya miƙa ƙafa baya ya shuri harshen ƙarfen da diddige. Gungumen ya saki, hannun ya yi ta juyawa kamar mahaukaci, goshin jirgi ya yi sama, tsofaffin biyu suka zube rigingine cikin kifi.

Sun daɗe a kwance suna haki. Da suka tashi suka kwashe ruwa, suka gwada sabuwar angar ta gabas, suka gwada ta yamma, ko motsi. Famau ya buɗe akwati ya ɗauko wuƙa ya yanke igiyar da kansa. Har yau sabuwar angar tana can, duk mai son anga mai kyau ya je ya ɗauka.

Ruwa ya fara jan su zuwa kan duwatsu, tanga kuwa ta harɗe da igiyoyinta. Lali ya leƙa kwalekwalensa ya yaye wani buhu. Ga tsohuwar anga, ƙugiyoyinta huɗu an lanƙwasa su tsaf.

"Ɓarawo," in ji Famau.

"A bola na tsinta."

Suka ɗaura ta suka jefa, ta riƙe su har suka warware tanga. Da komai ya kammala Famau ya koma mazauninsa na baya, ya gyara murya kamar ba abin da ya taɓa faruwa. "To, shemeji, ɗago mana ita mu tafi gida."

Lali ya tsaya a gaba yana kallon igiyar. Ya sunkuya ya kama, ya ja, ta zame ta cikin tafinsa. Bai sake gwadawa ba. Ya juyo ya miƙa wa Famau hannayensa biyu, ya yi ƙoƙarin dunƙule su. Yatsun suka tsaya a rabin hanya, gaɓoɓin a kumbure.

"Tun damina suke haka," in ji shi. "Abu mai kauri ina iya riƙewa. Igiya kuwa ta fi ƙarfina. Ranar nan ba wurin da ka jefa ba ne. Kunya ce ta hana ni faɗa, sai na nemi faɗa."

Famau ya ƙura wa yatsun ido. Mutumin nan ya yi shekaru yana ja masa anga, shi kuma bai taɓa duban hannunsa ba sai yau. Ya kawar da kai, idonsa ya sauka kan na'urar, kan hannun nan mai kaurin taɓarya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Yayata. Ita ke ba ni man shafawa."

"Don bayana," in ji Famau a hankali. "Lallai kam." Ya share fuska da gefen zaninsa, ya ɗaga murya. "To me kake jira? Naɗa igiyar ka juya. Ko shi ma sai an lallashe ka?"

Lali ya kama hannun, ya zauna a tafinsa daram. Ƙas-ƙas-ƙas. Angar ta ɗan yi gardama, rodi ɗaya ya miƙe, ta taso tana ɗigar ruwa. Ba ta shiga akwatin ba, ba kuma za ta taɓa shiga ba. Kifi suka zuba a ciki.

Da suka iso, mutanen gindin mangwaro suka taso gaba ɗaya. Famau ya sauko da ƙafarsa, ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana warin kifi tun daga hula. Somoe ta dube shi, ta dubi ƙaninta da ke gaban jirgi yana lanƙwasa rodi da bututu.

"Cewa na yi kai kaɗai, Baba Esha."

"Ni kaɗai ne," in ji Famau. "Wancan cikin kayan na'urar yake. Fundi ne ya manta bai haɗa shi ba."

"Uwar wa ce na'ura?" in ji Lali daga jirgi.

"Kin ji ko? Wannan ɓangaren ne mai ƙara. Ba ya gyaruwa."

Somoe ta ja mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta saki sai ta ce za ta aika Shela a gaya wa mai otal ya nemi wani wurin ajiye matasan kansa, su kuma su wanke jikinsu kafin su shigo mata gida, shinkafa ta kusa hucewa.

"Yau ba Juma'a ba ce," in ji Famau.

"Na sani," in ji ta. "Ta mutum uku na dafa."